Ƙullin Guga a Cikin Injin Wanke Kwanoni

Duk wanda ya sake ce mini “ai kai ka je waje, ka ga duniya,” wallahi sai na zaunar da shi ya ji wannan labari har ƙarshe, ko da fura ya bari tana tsami a gida. Sunana Lawali, mutumin Korgom ne ni. Shekara shida ina kula da shaton garinmu, babban tankin ruwan nan mai ƙafafun ƙarfe, kafin ƙafata ta yi ƙaiƙayi in nufi Aljeriya. Yadda na bar gida ba abin faɗi ba ne, kowa haka yake barin gida. Labarin daga Arlit ya soma.

A gidan da ake tara mu kamar buhunan wake ana jiran mota, na ga wani dattijo yana laluben butarsa alhali tana dab da gwiwarsa. Na miƙa masa.

“Ɗan ina ne?” in ji shi.

“Korgom, Baba.”

“Af! Ashe ɗan gida ne. Ni Naino, daga wajen Mayahi. Zamna nan kusa, ɗana, in ji Hausa ta yi mani daɗi.”

Baba Naino mai guga ne. Duk rayuwarsa yana yanka robar taya yana ɗinka gugar rijiya, yana tufka igiya yana ƙulla mata. Idonsa na dama wani mai magani ne ya tsokale shi a kasuwa ya kashe shi ɗungum. Na hagu ne ya rage, shi ma hazo ya ci rabinsa, kuma a gida an gaya masa aikin ya fi ƙarfin kayan da ke hannu, in bai yi sauri ba zai bi ɗan'uwansa. Abin da ya fito da tsoho daga gida ke nan. Mu muna neman abin sawa a baki, shi yana neman ido ɗaya.

Direban da ya ɗauke mu, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya sauke mu da hantsi a tsakiyar rairayi, ya nuna wani dutse ya ce gari yana bayansa. Muka zagaya dutsen, babu ko kare. Bidon, wato jarkar ruwan da ya bar mana, kuma warin mai yake yi, kana sha yana dawo maka ta hanci. Muka yi ta tafiya har la'asar, Baba Naino yana riƙe da gefen rigata. Wata mata mai kiwon awaki ce ta tare mu, ba mu jin yarenta ba ta jin namu, ta ba mu nono a ƙoƙo, ta juya kafaɗata da hannunta ta nuna mini hanyar gaskiya. Ko sunanta ban sani ba.

A Tamanrasat muka yi wata uku wajen gini. Ni ina kwaɓa siminti, shi yana ɗaure rodi da waya, da lalube kawai, kuma babu mai ido biyun da ya kai shi. A nan na gane halinsa. Baba Naino ba ya iya jin abu yana lilo ya ƙyale shi. Aljihunsa kullum cike yake da yankakkiyar roba. Ya ɗaure mini takalmi, ya ɗaure hannun jakata, ya ɗaure ƙofar ɗakinmu, har kujerar mai gadi sai da ya ɗaure wa ƙafa. In na yi masa tsiya sai ya ce, “Abin da ka lilo, Lawali, hwaɗuwa shika shirin yi.”

Daga nan muka yi arewa, mota bayan mota, har wani gari na bakin teku da ba zan ambaci sunansa ba. Muka samu aiki a wani gidan abinci. Ɗakin girki da wurin cin abinci suna bene, ƙasa kuma ɗakin ajiya ne, buhunan fulawa da garin kuskus jibge har rufi. Mai wurin, wanda muke ce wa patoron, mutum ne mai tumbi da gajeren haƙuri. Bai taɓa kiran sunana ba. Ni da Baba duk sunanmu ɗaya ne a bakinsa: “Kai, baƙi!” Ya san ba mu da takardu, kuma ba ya bari mu manta. Ko cokali ya faɗi sai ya ɗaga wayarsa ya kaɗa mana ita, wai zai kira mana masu kaki.

Aikina shi ne injin wanke kwanoni. Tsohon inji ne tun na zamanin uban patoron, ya girme ni, farinsa ya koma ruwan ɗorawa. Baba Naino kuma shi ke goge-goge da shara. Ranar da ya fara jin injin yana zubar da ruwan zafi a magudana, sai da ya dafe ƙirji.

“Ina ruwan ga za shi?”

“Ƙasa, Baba.”

“Ƙasa? La'ilaha illallahu! Rijiyarmu gaba sittin ce, jaki ka ja sai ya yi kumfa. Ruwan ga ya ishe tumakina kwana biyu!”

Ni ma abin yana cina. Kewar gida a can ba ta zuwa da sallama. Sai ka tsaya gaban kwanoni, ƙanshin gero da aka surfa ya faɗo maka a hanci daga inda ba ka sani ba.

Akwai wani tsoho mai gyara, gurgu, ana ce masa Ammi Salah. An kira shi wata rana saboda farantai suna fitowa da maiƙo. Ya ga na tsuguna ina leƙen hannunsa, ya tambaye ni da Faransanci ko na san aikin ruwa. Na ce shato nake kula da shi a garinmu. Sai ya yi murmushi ya matsa mini wuri. A duk garin nan shi ne na farko da ya matsa mini wuri.

Ya nuna mini yadda ruwa ke shiga. A bayan injin, inda tiyo ya haɗu da shi, akwai wata ƴar ƙofa da kuran, wato wutar lantarki, ke buɗewa. In kuran ya zo ta buɗe, in ya ɗauke ta rufe da kanta. Mai ba ta umarni shi ne maɓallin nan na gaba da ke juyawa yana ƙas-ƙas kamar agogo. Yana buɗe ta na minti ɗaya da rabi, ya rufe. Amma agogon makaho ne, in ji Ammi Salah. Lokaci kawai ya sani, bai san ko ruwan da ya shiga ya yi kaɗan ko ya yi yawa ba. Don haka aka sa masa mai gadi. A cikin injin, a kusurwar gaba, akwai wani abu na roba kamar ƙaramin ƙoƙo a kife, sakwa-sakwa, kana taɓa shi yana lilo. Fulotar ke nan, irin na shatonmu, sai dai ƙarami. In ruwa ya wuce iyaka sai ya ɗaga shi, sandar da ke ƙarƙashinsa ta saki wani ɗan maɓalli, ka ji ƙyas, kuran ya yanke, ƙofa ta rufe.

“To amma ka ji da kyau,” in ji shi, ya ɗaga yatsa. “Agogo da fulotar, su biyun kuran kawai suke yankewa. Ba su da hannun da za su tura ƙofar. In tsakuwa ɗaya ta shiga bakinta ta tokare, ko ka kashe wutar garin nan duka, ruwa zai yi ta shiga.” Ya kwance tiyo ya zaro wata ƴar rariya daga bakinsa, ta toshe da tsatsa da yashi. “Wannan ce ke tare tsakuwar. Ita ta toshe, shi ya sa ruwa bai isa ba. A riƙa wanke ta. Kada a cire.”

A garin nan ana ɗauke ruwan pampo kwana biyu a kawo kwana ɗaya, kuma in ya dawo da ƙarfi yake zuwa, jajir da yashi. Rariyar ta sake toshewa bayan wata ɗaya. Na ce wa patoron a ba ni minti goma in wanke. Ya ce masu cin abinci suna jira. Ya kwance tiyon da kansa, ya sa ƙusa ya ƙwaƙulo rariyar ya jefa a kwandon shara. Na ce, “Patoron, Ammi Salah ya ce kada a cire.” Ya ce tun ina yawo ba wando a dajinmu yake da injin nan. Ya ɗaga waya ya kaɗa mini. Na koma kan kwanonina.

Ana cikin haka Allah ya kawo wa Baba Naino abin da ya fito nema. Wata mata tana zuwa cin abincin rana, ashe lokotoro ce, wato likitar ido. Ta lura da yadda yake bin gefen teburi da yatsa kafin ya goge. Ta kira shi, ta haska masa ido da wayarta, ta sa na yi musu tafinta. Ba ta tambayi takarda ba, ba ta tambayi ta ina muka shigo ba. Ta ce idon zai tsira in aka yi aikin kafin wata biyu. Bayan sati uku ta kawo ƴar takarda mai hatimi: ranar Litinin, ƙarfe takwas na safe. Baba ya naɗe ta ya sa cikin hularsa. Kullum sai ya cire hular ya taɓa ya mayar. Ya ce abin da zai fara kallo shi ne tekun nan da ake ta ba shi labari yana jin ƙararsa.

Ranar Juma'a, saura kwana uku, ruwa ya dawo da safe. Na wanke kwanonin farko, injin ya gama, na kashe shi, aka rufe gida muka tafi masallaci. Da muka dawo, tun daga kan titi na ga ruwa yana gangarowa kan matakala. Patoron yana tsaye a ƙofar ɗakin ajiya, buhunansa na ƙasa sun zama kunu, yana ihu maƙwabta sun taru.

Na haura da gudu na rufe pampon bango. Na buɗe injin, ruwa ya kwararo mini a ƙafa. Na zura hannu kusurwar gaba in ji lafiyar fulotar, sai na ji ba ya motsi. An ɗaure shi tam da ƙarfen da ke gefensa. Na bi da yatsa. Robar taya ce, zagaye biyu, an soke bakin ta ƙasa an ja. Ƙullin guga. A duk faɗin garin nan mutum ɗaya ne ya iya wannan ƙulli, kuma yana bayana yana salati.

Na warware robar a cikin ruwa na cusa ta a aljihu kafin kowa ya iso. Sannan hankalina ya dawo, na tuna injin a kashe na bar shi. Injin da ke kashe, ina ruwan fulotar da shi? Ko an ɗaure ko an sake, babu kuran da zai yanke.

Patoron ya hauro da maƙwabta biyar a bayansa, wani ya riga ya kira Ammi Salah. Patoron ya nuna ni da waya: “Kai ne! Ka bar shi a kunne!”

Na ce, “Patoron, riƙe nan.” Na zare wayar kuran daga bango na damƙa masa kanta a hannu. Na kwashe ruwan cikin injin da bokiti. Na buɗe pampo. Sai ga ƙarar ruwa, shaaa, yana shiga injin da ba shi da wuta, wutarsa tana hannun mai shi.

Ammi Salah ya rufe pampo, ya tsuguna da ƙyar, ya kwance tiyo. Ya leƙa bakinsa. Ya buɗe ƴar ƙofar ya karkaɗe ta a tafin hannunsa, ga yashi, ga tsakuwa kamar ƙwayar gero. Ya miƙe ya nuna wa mutane.

“Wa ya cire rariyar?” in ji shi.

Wani maƙwabci ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Wallahi a lokacin nan na ji daɗin da ban taɓa ji ba tun da na bar Korgom. Mun fita, ni da Baba. Saura kawai patoron ya gama borin kunyarsa a watse. Ya kuwa yi borin. Ya shaƙe wuyan rigata yana zazzaga Larabci, wai me ya sa ban tuna masa ba.

Baba Naino ba ya jin Faransanci, Larabcinsa kuma bai wuce na salla da gaisuwa ba. Bai ga tsakuwa ba, bai ga fuskar patoron ba. Abin da ya isa gare shi shi ne ihu, da inuwar ƙato a wuyana. Sai na ji muryarsa.

“Ana! Ana!” Yana dukan ƙirjinsa. Ni ne, ni ne.

Na ce da Hausa, “Baba, don girman Allah yi shiru! An gama, mun ci!”

“Ba a shaƙe ɗan mutane kan laihina,” in ji shi. Ya lalubo injin, ya zura hannu, bai ji robarsa ba. Sai ya zaro wata daga aljihu. A gaban patoron, a gaban maƙwabta, ya kama fulotar ya ɗaure, zagaye biyu, ya soke ya ja. Ya miƙe ya sake dukan ƙirji.

Ban taɓa ganin fuska ta washe da sauri irin ta patoron ba. Ya sake ni. Ammi Salah ya daka wa patoron tsawa, ya ce wannan ɗauri bai zubar da ko cokali ɗaya ba, injin a kashe yake, kowa ya gani. Patoron ya ce shi dai ya ji da kunnensa, ya gani da idonsa, baƙi sun ɗaure masa inji sun lalata masa dukiya. Ya san ƙarya yake yi. Wallahi ya sani! Tsakuwar tana tafin hannun Ammi Salah a gabansa. Amma ya samu inda zai juye kunyarsa, kuma wayar da ya yi wata takwas yana kaɗa mana, ranar nan ya danna ta.

Na roƙe shi. Ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyayena, na durƙusa cikin ruwan nan. Na ce a ɗauke ni, a bar tsohon nan zuwa Litinin, kwana uku kacal. Na cire takardar daga hular Baba na nuna masa. Ko kallonta bai yi ba. Da masu kaki suka zo, Ammi Salah ya bi mu har bakin mota yana ɗingishi yana yi musu bayanin rariya. Wa zai saurari zancen rariya? Ya cusa mini burodi biyu ta taga.

Aka yi ta gangarowa da mu kudu, daga wannan gidan tsare mutane zuwa wancan, daga bas zuwa kamyo, babbar motar kaya. Wata safiya Baba ya taɓa gwiwata.

“Yau wace rana?”

“Lahadi, Baba.”

“Ƙarya kake, Lawali. Ina bin sallolina. Litinin ce.” Ya cire hula ya taɓa takardar ya mayar.

Inda aka zubar da mu cikin rairayi, aka nuna mana hanyar Asamaka, garin farko na ƙasarmu, da baki. Baba ya sake kama gefen rigata kamar farkon zuwa. A nan haƙurina ya ƙare, na juya na yi wa sa'an ubana tsawa.

“Wa ya aike ka, Baba? Wa ya ce ka taɓa? Kuma da ka taɓa, wa ya ce ka yi magana?”

“Ina goge ciki ran Alhamis na ji shina lilo,” in ji shi a hankali. “Na ɗauka ni na karya shi da tsumma. Na ce in mutumen ga ya gani, kai za shi kama. Shi ya sa na gyara.”

Sai fushin ya juyo kaina. Wata takwas yana gefena yana goge injin nan. Na san halinsa da abu mai lilo, tun Tamanrasat na sani. Magana ɗaya ce: Baba, wannan haka aka yi shi, kada ka ɗaure. Ban faɗa ba. Ina jin kaina ni ne ɗan lakwal, ɗan boko mai jin Faransanci, abokin hirar Ammi Salah, me mai guga zai gane a zancen kuran? Ban taɓa ɗora hannunsa a kai ba ko sau ɗaya.

Idon Baba ya mutu damina biyu bayan dawowarmu. Ni na koma shatona a Korgom. Bara, da aka sauya fulotar ɗin kwamin shayar da dabbobi, na ɗaure tsohon fulotar a bayan moto, wato babur, na bi ta Tasawa har ƙauyen su Baba Naino. Na iske shi a gindin bishiyar bedi yana tufka igiya. Na sa fulotar a bokiti, na ɗora hannunsa a kai, na riƙa zuba ruwa da buta. Abin ya taso a ƙarƙashin tafinsa. Ya danna, ya sake, ya dawo sama. Na gaya masa duk abin da ya kamata in gaya masa tun a can: agogo, ƙofa, mai gadi, rariya.

“Ashe lilon shi ne aikinshi,” in ji shi. “Lawali, tsakaninka da Allah. Da ban ɗaure ba, da ruwan ya zuba?”

“Da ya zuba, Baba. Ko ɗigo ɗaya ba naka ba ne.”

“To da na yi shiru hwa?”

Na ajiye butar. Ya lalubo gwiwata ya dafa.

“Bari, kar ka amsa. Ko yau aka kama wuyanka gabana, ba ni yin shiru.”

Wani mutumin Urafane da ya dawo daga garin nan na bakin teku kwanan baya ya ce mini gidan abincin yana nan, patoron ya ƙara tumbi, tsohon injin ma yana nan yana aiki. Wai tun a satin da aka kwashe mu ya sayi sabuwar rariya. Na san irinta, na riƙe ta a hannuna. Ba ta kai faɗin farcen babban yatsana ba.